Gwanjo Biyu: Nazari a Kan Ɗorewar Darajar Kayan da 'Yan Wasa Suka Yi Amfani da Su

Gabatarwa

Kalmar gwanjo tana da ma'ana biyu a bakin Bahaushe. Ma'ana ta farko ita ce cinikin da ake yi a bainar jama'a, dillali yana shela, masu saye suna tayawa, wanda ya fi kowa tayi shi ne da kaya. Ma'ana ta biyu kuwa ita ce tufafin da wani ya riga ya sa, aka ɗauro su dila-dila daga ƙasashen waje, ake baza su a kasuwa ana sayarwa da araha. Duk wanda ya saba ratsa layin 'yan gwanjo a 'Yargoje ko Ƙanƙara ya san ƙa'idar wurin, wato gwargwadon yadda riga ta sha jiki, gwargwadon faɗuwar kuɗinta.

To amma akwai wata kasuwa a Turai da Amurka inda wannan ƙa'ida ta juye. A can, rigar da wani shahararren ɗan wasa ya sa ya yi gumi a cikinta takan fi sabuwa tsada ninkin ba ninkin, har ma dauɗar da ke jikinta takan zama abin ƙara mata kuɗi. Labarin irin wannan ciniki yakan iso ƙasar Hausa ta rediyo da wayar hannu, ya bar mutane da tambaya: shin wannan daraja mai ɗorewa ce, ko kuwa yayi ne da zai wuce? Kuma shin mutumin da ya gaji warkin kakansa ɗan kokawa, ko wanda wani ɗan ƙwallo ya ba shi riga, dukiya yake riƙe da ita ko tsumma? Manufar wannan maƙala ita ce amsa waɗannan tambayoyi, ta hanyar duba abin da ya faru a kasuwannin waje, sa'an nan a auna shi da yadda Hausawa suka ɗauki kayan mazajen wasanninsu.

Inda Farashi Ya Hau

Misalin da ya fi kowane yin amo shi ne na rigar Diego Maradona na ƙasar Ajantina. Ran 22 ga watan Yuni na 1986, a gasar cin kofin duniya da aka yi a Meziko, ya ci Ingila ƙwallo biyu, ɗaya da hannu ba tare da alƙalin wasa ya gani ba, ɗayar kuma bayan ya yanke 'yan wasa da dama. Da aka tashi, sai ya yi musayar riga da wani ɗan wasan Ingila mai suna Steve Hodge. Rigar ta yi shekaru a gidan tarihin ƙwallon ƙafa na Ingila a matsayin aro. A watan Mayu na 2022, wato bayan mutuwar Maradona da kimanin shekara ɗaya da rabi, kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da ita a kan fam miliyan 7.1. Domin a gane girman wannan tashi, sai a tuna cewa a 2002 an sayar da rigar da Pele na Barazil ya sa a wasan ƙarshe na kofin duniya na 1970 a kan fam 157,750, kuma a lokacin babu rigar ƙwallon ƙafa da ta taɓa yin wannan kuɗi.

A cikin shekarar 2022 ɗin dai, an sayar da rigar Michael Jordan ta wasan ƙwallon kwando na 1998 a kan dala miliyan 10.1. Haka kuma ɗamarar zakaran duniya ta Muhammad Ali, wadda ke da nasaba da nasarar da ya yi a kan George Foreman a Kinshasa a 1974, ta tashi a kan dala miliyan 6.18. Wanda ya fi waɗannan duka shi ne rigar Babe Ruth, gwanin besbol, wani wasan Amurkawa da ake bugun ƙwallo da kulki. An sayi rigar da aka ce ita ce ya sa a wani shahararren wasa na 1932 a kan dala 940,000 a 2005, aka sake sayar da ita a watan Agusta na 2024 a kan dala miliyan 24.12. Ke nan cikin shekara 19 kuɗinta ya ninka fiye da sau 25, alhali mai rigar ya mutu tun 1948.

Inda Farashi Ya Faɗi

Wanda ya tsaya a kan waɗannan misalai kaɗai zai ɗauka cewa kayan wasa ba sa faɗuwa. Ba haka abin yake ba. A 1998 wani ɗan wasan besbol mai suna Mark McGwire ya kafa tarihi, inda ya yi irin bugun nan mai fitar da ƙwallo daga fili har sau 70 a kakar wasa guda. A farkon 1999 wani attajiri mai suna Todd McFarlane ya sayi ƙwallon da aka yi bugu na 70 da shi a kan kimanin dala miliyan 3. Ba a yi shekara uku ba, a 2001, Barry Bonds ya yi bugu 73, ya shafe wancan tarihi. Ƙwallon da aka kafa sabon tarihin da shi kuwa, da aka kai shi gwanjo a 2003, kimanin rabin miliyan ya yi. Daɗin daɗawa, a 2010 McGwire ya amsa da bakinsa cewa ya yi amfani da ƙwayoyin ƙara kuzari. Ƙwallon yana nan yadda yake, ko ƙwarzane bai yi ba, amma labarin da aka saya tare da shi ya lalace.

Misali na biyu ya fi wannan saurin aukuwa. A watan Maris na 2022 aka sayar da wani ƙwallo a kan dala 518,000, bisa cewa da shi ne Tom Brady, gwanin wani wasan Amurkawa mai kama da zari-ruga, ya yi jifar cin maki ta ƙarshe kafin ya yi murabus. Kwana ɗaya bai cika ba sai Brady ya ba da sanarwar ya fasa murabus. Aka warware cinikin, kuma da aka sake kai ƙwallon kasuwa bayan 'yan watanni, kuɗin da ya yi bai wuce rubu'in na farko da wani abin kirki ba.

Duwatsun Murhu Uku

Idan aka haɗa waɗannan labarai, za a ga cewa mai saye ba zare da fata yake biya ba. Abin da yake biya shi ne alaƙar da ke tsakanin kayan da wata rana da jama'a ba su manta da ita ba. Wannan daraja tana zaune ne a kan abubuwa uku, kamar yadda tukunya take zaune a kan duwatsun murhu. In aka janye ɗaya, girki ya kife.

Dutse na farko shi ne suna. Ba kowane suna ne yake wuce zamanin mai shi ba. Yawancin 'yan wasa, waɗanda suka gan su da ido ne kaɗai suke son su, kuma waɗannan masoya sukan yi tsadar saye ne a lokacin da suka girma suka yi kuɗi, suna begen ƙuruciyarsu. Idan tsararsu ta ƙare, kasuwar takan ƙare tare da ita. Kaɗan ne irin su Ruth da Ali da Pele da Maradona waɗanda jikoki suke gadon labarinsu. Haka nan sunan da ya dogara ga adadi yana cikin haɗari, domin adadi ana iya wuce shi, kamar yadda aka wuce na McGwire. Amma ranar da aka yi abin mamaki ba ta sake dawowa, balle wani ya shafe ta.

Dutse na biyu shi ne shaida. Riga ba ta magana. Dubban riguna iri ɗaya masaƙa take fitarwa, don haka sai an tabbatar cewa wannan ɗin ce aka sa a ranar. Ko rigar Maradona ba ta tsira daga gardama ba, domin gab da gwanjon 'yarsa ta fito ta ce wadda ya sa kafin hutun rabin lokaci ce, ba wadda ya ci ƙwallayen da ita ba. Sai da aka gwada ɗinkinta da zanenta da hotunan wasan kafin masu saye suka natsu. A Amurka kuwa, a ƙarshen shekarun 1990, hukumar bincike ta FBI ta bankaɗo wata ƙungiya da ta cika kasuwa da kayan wasa masu sa hannun jabu. Wannan al'amari ba baƙo ba ne ga ɗalibin ilimi a ƙasar Hausa. Malamai ba sa karɓar ruwaya sai sun san wane ya ji daga wane, kuma littafin da aka san salsalar waɗanda suka kwafe shi ya fi wanda aka tsinta ƙima. Kayan wasa ma salsala suke bukata, daga jikin mai su har zuwa hannun mai sayarwa.

Dutse na uku shi ne mai saye. Gona tana ba da amfani kowace damina, saniya tana haihuwa tana ba da nono, gida ana karɓar hayarsa. Rigar ɗan wasa ba ta haifar kome, sai ma ta ci kuɗin ajiya da na tsaro, ga kuma la'adar dillali ranar sayarwa. Ribarta ɗaya ce tak, wato a sami wanda zai biya fiye da abin da aka biya. A gwanjo kuma, attajirai biyu da suka ƙi janye wa juna sun isa su kai farashi sama, amma in ɗayansu bai zo kasuwa ba ranar da aka dawo da kayan, farashin sai ya sauko. Sa'an nan yawan kaya yana rage musu kuɗi. 'Yan wasan da sukan yi wasanni da dama da riga ɗaya, na yanzu kuwa sukan sake riga a hutun rabin lokaci, kuma kowa ya riga ya san abin kuɗi ce, ba mai yar da ita. A watan Disamba na 2023 an sayar da riguna shida da Lionel Messi ya sa a kofin duniya na 2022 a kan dala miliyan 7.8, wato shidansu ba su kai kuɗin rigar Maradona guda ba. Abin da ya sa tsofaffin kaya suka yi tsada shi ne ba wanda ya damu da ajiye su. Na yau da kowa yake ajiyewa, da wuya su yi ƙarancin da zai kai su wannan matsayi.

Kayan Maza a Ƙasar Hausa

Bahaushe yana da wasanninsa na nuna jarunta tun kafin zuwan ƙwallo, kuma kowane yana da kayansa. Ɗan dambe yana da kara, wato abin da yake naɗe hannunsa na bugu da shi, a da kuma akan ɗaura akayau a ƙafa. Ɗan kokawa yana da warki. Dukansu kuma ba a raba su da layu da guraye da kambuna. A garuruwan noma irin su 'Yargoje da sauran ƙauyukan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, kamar sauran ƙasar Hausa, kaka ce lokacin waɗannan wasanni, sa'ad da amfanin gona ya zo gida, aljihu ya yi nauyi, masu kallo suka sami abin yin kari. Duk da haka ba a san Bahaushe da kasuwar tsofaffin kayan 'yan dambe ba. Akwai dalilai guda uku da suka jawo haka.

Na farko, darajar waɗannan kaya a wurin masu su ta asiri ce, ba ta kallo ba. Ɗan wasa ya yi imani laya tana kare shi ko tana kashe wa abokin karawarsa jiki, don haka ɓoye ta yake yi. In zai rabu da ita, yaronsa na wasa yake ba wa, irin yaran nan da ake kira Shagon wane ko Autan wane, domin su ci gaba da riƙe gidan. Bugu da ƙari, akwai tsohon camfi cewa wanda ya sami tufar mutum mai ɗauke da guminsa yana iya yi masa sammu da ita. Saboda haka musayar riga da abokin karawa, wadda ta zama al'ada a filin ƙwallo, abu ne da tsohon ɗan dambe zai ɗauka ganganci.

Na biyu, ƙarshen rayuwar ɗan wasa ba ya barin kayan su tsira. Da yawa daga cikinsu in girma ya zo sukan ajiye wasa su koma ga sana'a da ibada, su rabu da kayan tsafe-tsafen ƙuruciya. Idan kuma mutum ya rasu, tufafinsa sukan shiga rabon gado ko a bayar da su sadaka, kuma masu ƙiyasta dukiyar mamaci ba su saba sa wa tsohon warki kuɗi ba.

Na uku, kuma mafi muhimmanci, shi ne Bahaushe a waƙa yake ajiye jarumansa, ba a akwati ba. Sunan Shago da Ɗandunawa bai ɓace ba har yau, kuma abin da ya raya shi shi ne kalangu da muryar Muhammadu Bawa Ɗan Anace na ƙasar Sakkwato. Mutumin da bai taɓa ganin hoton Shago ba yana iya ba da labarin karawarsa. A nan dutse na farko, wato suna, ya kafu daram. Amma da a ce yau wani zai fito da wani tsohon zare ya ce da shi Shago ya naɗe hannu, da me zai kafa hujja? Ba takarda, ba hoton da za a gwada, waɗanda suka gani da ido kuma sun ƙare ko sun kusa. Ga suna, ba shaida, ba kuma kasuwar da ta saba taya irin wannan kaya.

Akwai wurare biyu da al'amarin ya ɗan bambanta. A Jumhuriyar Nijar, tun 1975 da aka fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa, inda Kantu na Maraɗi ya zama zakara na farko, hukuma take ba sarkin kokawa takobi. Kowane takobi an san shekararsa da garin da aka ci shi da wanda ya ci, ga rediyo da talabijin sun ɗauka. A Katsina kuma akwai wasan folo, wanda ya kafu a zamanin Sarki Muhammadu Dikko, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuma ya yi suna a cikinsa har a ƙasashen waje. Wasa ne na kulob da kofuna da rubutaccen tarihi da hotuna, a hannun gida mai ɗorewa. Irin waɗannan kaya su ne suka fi kusa da cika sharuɗɗan nan uku, sai dai kuma su ne masu su suka fi ƙyamar kai wa kasuwa, domin sayar da abin girman gida abin kunya ne.

Abokan Gaban Ajiya

Ko da an sami suna da shaida, sai kayan sun rayu kafin a yi maganar kuɗinsu. Gara da asu da ɓera ba su san zakara ba. Danshin damina yana sa tufa ta yi fumfuna, iskar hunturu tana busar da fata ta tsattsage, rana tana koɗar da rini, gobara kuwa ba ta barin kome. Ga kuma rashin tsaron da ya addabi yankin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa a 'yan shekarun nan, wanda ya raba iyalai da yawa da gidajensu. Mai gudun ceton rai ba ya tsayawa ɗaukar warkin kakansa, kuma dattijon da ya san labarin warkin in ya faɗi a wani gari, labarin ya bi shi.

Akwai kuma wani ɓarawo da ba a gani, shi ne faɗuwar darajar kuɗi. A 1980, shekarar da Nijeriya ta fara cin kofin Afirka bayan ta ci Aljeriya uku ba ko ɗaya a Legas, naira ɗaya ta fi dala ɗaya. A 2024 kuwa sai da dala ɗaya ta haura naira 1,500. Saboda haka wanda ya ga kuɗin kayansa ya ninka a lissafin naira, kada ya yi saurin murna sai ya auna buhun masara nawa kuɗin zai saya a da, nawa kuma zai saya yanzu.

Abin da Ya Kamata Mai Kaya Ya Yi

Wanda Allah ya sa irin wannan kaya a hannunsa, abin da ya fi masa shi ne ya fara da shaida, domin ita ce kaɗai dutsen da yake da ikon kafawa da kansa. Ya rubuta, da boko ko da ajami, sunan mai kayan da sunansa na wasa, da ranar da ya yi amfani da su, da wurin, da wanda ya kara da shi, da yadda kayan suka zo hannunsa. Ya nemi dattijai biyu ko uku da suka sani ya ɗauki muryarsu a waya tun suna da rai. In mai kayan yana raye, a ɗauke su hoto tare. 'Yan damben yau sun fi na da sa'a ta wannan fuska, domin ana ɗaukar karawarsu ana sawa a YouTube da Facebook, kuma wannan hujja ce da Shago bai samu ba.

Bayan haka sai ajiya. Kada a wanke rigar ko a yi mata faci, domin tabon da ke jikinta yana cikin shaidarta. A naɗe ta cikin farin ƙyalle mai tsabta, a sa a adakar ƙarfe tare da kafur, a ɗora a kan wani abu nesa da ƙasa da bango, a riƙa dubawa bayan kowace damina. Wanda kuma yake jin tsoron kayan za su salwanta a gida, yana iya tuntuɓar gidajen tarihi irin su Gidan Makama a Kano, ko wanda ke tsohon ginin Kwalejin Katsina. An ga yadda zaman rigar Maradona a gidan tarihi ya kare ta, ya kuma sa duniya ta san inda take da wanda ya mallake ta.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa amsar tambayar ba ɗaya ba ce. Kaɗan daga cikin kayan 'yan wasa, waɗanda suka haɗa sunan da ya wuce zamaninsa da ranar da ba a mantawa da hujjar da ba ta da gardama, sun riƙe darajarsu har sun ninka ta, kuma babu alamar za su rasa masu nema nan kusa. Sauran, waɗanda su ne mafi yawa, kuɗinsu yana tafiya ne da yayi da shekarun masoyansu, kuma labari ɗaya ya isa ya karya su. A ƙasar Hausa kuwa, inda kasuwar ba ta kafu ba tukuna, wanda ya sayar da bijiminsa a kasuwar Sheme don ya sayi rigar ɗan wasa da niyyar ajiyar kuɗi ya saki reshe ya kama ganye.

Amma wannan ba ya nufin kayan ba su da amfani. Kara da warki da akayau shaidu ne na yadda mutanen wannan ƙasa suka yi wasa, da yadda dukawansu da maƙeransu suka yi aiki, da abin da suka yi imani da shi. Waƙa ta riƙe sunayen mazaje, amma ba ta iya nuna wa yaro nauyin akayau ko ɗinkin warki. Wannan aiki ne da ya rataya a wuyan magada da ɗaliban Hausa, su bi garuruwa irin su 'Yargoje su rubuta abin da ya rage tun masu labarin suna nan. In kasuwa ta zo wata rana, za ta tarar da hujja. In ba ta zo ba, tarihi ya tsira.